Makarin Zafi a Gida: Me Za a Sa, a Ina Za a Sa Shi

Duk mai gini ko mai gyaran gida da ya zo kan maganar insuleshan, wato makarin zafin da ake sa wa rufi da bango, tambayar farko da yake yi ita ce wane iri ne ya fi kyau. Tambayar ba ta da amsa guda. Abin da ya dace da saman silin ba shi ya dace da ƙarƙashin daɓe ba, kuma tsarin da ke amfani a ƙasar da dusar ƙanƙara ke zuba yana iya ruɓar da gida a ƙasa mai zafi da laima. Kafin a kai ga zaɓen kaya sai an san ta ina zafin ke bi, a ina danshi zai taru bayan an gama aiki, da kuma yadda kayan za su yi ranar da gobara ta tashi. Wanda ya amsa waɗannan zai tarar abin da ya rage masa ya zaɓa a ciki bai wuce iri biyu ko uku ba.

Zafi kullum barin wuri mai ɗumi yake yi ya nufi mai sanyi. Makari ba ya kawo sanyi, ba ya kawo ɗumi, rage gudun zafin kawai yake yi, kamar yadda filas ke riƙe ruwan zafi da zafinsa, ya riƙe na sanyi da sanyinsa. Hanyoyin zafin uku ne. Yana ratsa jikin abu daga wannan fuska zuwa waccan. Iska tana ɗaukarsa ta bi da shi ta kowace kafa. Sai kuma huci, wanda ke tsallake fili ba tare da an taɓa komai ba, shi ne abin da mutum ke ji a tsakiyar kansa idan ya tsaya ƙarƙashin kwanon da rana ta gasa. Auduga ta masana'anta, wadda ake yi da zaren gilashi ko na dutse, da soso na roba maganin na farko ne, toshe kafofi maganin na biyu, takardar alminiyam mai sheƙi kuma maganin na uku. Yawancin kuɗin da ke salwanta a wannan aiki, sa maganin wani a gurbin wani ne ke cinye shi.

Lambobin da ke jikin kaya

A jikin kowane ƙunshin makari na ƙwarai akwai lamba da ake kira lamda, alamarta λ, wadda ke nuna sauƙin da zafi ke samu wajen ratsa kayan. Iya ƙanƙantarta iya ingancin kayan. Iskar da ke tsaye ba ta motsi tana da kusan 0.026, katako kusan 0.13, kankare tsakanin 1.5 da 2, ƙarfe kuwa wajen 50. Audugar gilashi da audugar dutse suna tsakanin 0.032 da 0.044. Farin soso na EPS, irin wanda ake tokare kayan lantarki da shi a cikin kwali, yana tsakanin 0.030 da 0.040, ɗan'uwansa XPS mai ƙarfi yana nan kusa da shi, allon PIR kuma, wani soso na roba mai tauri, 0.022 zuwa 0.026. Asirin mafi yawansu iskar da suka kulle a cikin ƙananan ramuka ce. PIR ya fi iska tare zafi ne saboda gas ɗin da ke cikin ƙwayoyinsa, kuma gas ɗin yana raguwa da shekaru, don haka lambar da aka ayyana ta bayan tsufa ita ce abin dubawa, ba ta ranar da ya fito daga masana'anta ba.

Lamba ta biyu ita ce R, juriyar kayan ga wucewar zafi a kaurin da aka sa shi. Ana samunta ta raba kauri, a ma'aunin mita, da lamda. Auduga mai kaurin milimita 100 da lamda 0.040 tana ba da R 2.5. Allon PIR mai lamda 0.022 yana ba da haka da milimita 55 kacal. Bangon kankare mai milimita 200 kuwa R ɗinsa kusan 0.1 ne, daidai da auduga milimita 4. A yi hattara da kayan da aka yi wa lamba da ma'aunin Amurka, domin R ɗinsu ya ninka wannan sau 5.68. Abin da aka rubuta wa R-13 a can, 2.3 ne a ma'aunin mita.

Lissafi ɗaya ya isa ya nuna inda ya kamata kuɗi ya tafi. A ɗauki silin mai faɗin murabba'in mita 100, R ɗinsa 0.5 ba makari, saman silin kuma ya ɗara ɗaki zafi da digiri 20. Faɗi sau digiri, a raba da R, zafin da ke sauka ɗaki wat 4,000 ne. Idan aka shimfiɗa auduga milimita 100, R ya koma 3.0, zafin ya faɗo zuwa wat 667. Aka ƙara wata milimita 100, R ya kai 5.5, zafin ya zama wat 364. Shimfiɗar farko ta kawar da wat 3,300 da ɗoriya, ta biyu kusan 300 kawai. Ta biyun ba banza ba ce inda ake ɗumama gida ko sanyaya shi watanni a jere, shi ya sa a Birtaniya ake ba da shawarar audugar saman silin ta kai milimita 270. Amma ninka makari a wuri ɗaya alhali wani wurin yana tsirara rashin dabara ne. A wannan silin ɗin, in aka bar murabba'in mita 5 ba a rufe ba, a kusurwoyi da bakin ƙofar hawa sama, zafin zai tashi daga wat 667 zuwa 833. Kashi 5 cikin 100 na fili ya ƙara kashi 25 na zafi.

Rufi ne farko

A gida mai hawa ɗaya, musamman a ƙasa mai zafi, rufi shi ne babbar ƙofar zafi. Da tsakar rana, ranar da gari ya yi wasai, kowane murabba'in mita yana karɓar kusan wat 1,000 daga rana, kuma kwano mai duhun launi yana iya haura digiri 70. Kariya mafi sauƙi ita ce kada zafin ya shiga kwanon tun farko. Farin rufi mai tsabta yana mayar da fiye da rabin hasken rana, baƙi kuwa kusan duka yake shanyewa.

A ƙarƙashin kwano ne takardar alminiyam ke da amfani, kuma a nan aka fi yin kuskure. Fuskarta mai sheƙi tana fitar da kusan kashi 5 cikin 100 kawai na hucin da baƙin abu zai fitar, amma sai in tana kallon fili. Dole a bar tazarar iska aƙalla milimita 25 a gaban fuskar. Idan aka matse ta tsakanin kwano da katako, ko aka ɗora silin a jikinta, ta zama ƙarfe kawai, alminiyam kuwa yana cikin abubuwan da zafi ya fi saurin ratsawa. Ƙura ma tana kashe sheƙin, saboda haka gara fuskar ta kalli ƙasa. Akwai irin da ake haɗawa da leda mai ƙuraje na iska, kaurinta milimita 4 zuwa 8, ana tallarta da R mai yawa. Lambar ta tsarin gaba ɗaya ce, har da tazarar iskar da ke gaba da baya, jikin kayan shi kaɗai R ɗinsa kaɗan ne. A ƙasar sanyi kuwa amfanin takardar bai kai na auduga ba ko kusa.

A saman silin, audugar gilashi ko ta dutse ita ce zaɓin da ya fi dacewa da yawancin gidaje: fili yana nan, ba a takawa, kuma ba ta cin wuta. Ana yanka ta ta ɗan ɗara tazarar katakan silin don ta zauna daram ba giɓi, in akwai shimfiɗa ta biyu a gicciya ta kan ta farko yadda za ta rufe katakan su ma. Kada a danne ta. Audugar da aka yi don milimita 100 in aka cusa ta a gurbin milimita 50 ta rasa babban kaso na juriyarta. Kada kuma ta toshe kafofin iska na gefen rufi. A bar aƙalla milimita 50 tsakaninta da rufin, iska ta shiga ta gefe ta fita ta ƙololuwa, ta kwashe zafi da danshi.

Rufin kankare na shimfiɗe labarinsa daban. Yini yake yana tara zafi, da dare ya sauke shi a ɗaki lokacin da ake son barci. Makarinsa a sama ya kamata ya zauna. Ko dai a sa allon PIR a kan kankaren sannan a rufe shi da shimfiɗar hana yoyo, ko a fara da shimfiɗar hana yoyon a ɗora XPS a kanta, a danne da tsakuwa mai kaurin milimita 50 ko da fale-falen siminti. XPS ne ke jure zama cikin ruwa haka, auduga ba za ta iya ba. Sa makari ta ƙasan kankaren yana rage zafin ɗaki, amma yana barin kankaren ya ƙara zafi da rana fiye da da, yana buɗewa yana tsukewa, tsagewa da yoyo su biyo baya.

Bango kuwa, in da hali, makarin ya kasance ta waje: allon EPS ko na audugar dutse, a manna a kuma ɗaure da ƙusoshin roba, a bi da raga da filasta. Hakan yana lulluɓe ginshiƙai da linta da gefen kankaren bene, wuraren da zafi ke bi ya kewaye makarin da aka sa ta ciki. Bango mai firam ɗin ƙarfe ya fi kowanne wannan matsala, domin ƙarfen yana iya cinye rabin juriyar audugar da aka cusa tsakaninsa, sai an bi da wani allo mara yankewa ta waje. Bangon ƙasa ko na dutse mai kauri ba makari ba ne a ma'anar R, jinkirta zafi yake yi na sa'o'i. Yana da amfani ƙwarai inda dare ke yin sanyi sosai, amma inda dare da rana duk zafi ne amfaninsa kaɗan ne. Taga ma kada a manta da ita. Gilashi guda yana barin zafi ya wuce fiye da bango mai makari sau goma ko fiye, kuma tagar da rana ke dukanta kai tsaye rumfa ta waje take buƙata. Labule yana tare haske ne bayan zafin ya riga ya shigo.

Danshi, inda gidaje ke lalacewa

Wannan shi ne ɓangaren da ya kamata a fi tsayawa a kai, domin ɓarnarsa a ɓoye take. Iska mai ɗumi tana ɗauke da tururin ruwa, in ta taɓa abu mai sanyi sai tururin ya zama raɓa. Iska mai digiri 30 da laima kashi 80 tana fara zubar da raɓa a kan duk abin da ya sauka ƙasa da digiri 26. Iskar ɗaki mai digiri 20 da laima kashi 60 tana yin haka a digiri 12. Makari yana sa gefe ɗaya na bango ya fi da sanyi, don haka yana iya haifar da raɓa a wurin da ba ta taɓa zama ba. Ruwa kuma yana barin zafi ya wuce fiye da iska sau ashirin da wani abu, jiƙaƙƙiyar auduga ta daina aiki ke nan, ga fumfuna, ga ruɓewar katako, ga tsatsa a ƙusa.

Ƙa'idar ita ce ledar tare tururi ta zauna a gefen da ɗumi da laima suke. A ƙasar sanyi, inda ake ɗumama ɗaki, gefen shi ne na ciki, bayan allon silin ko na bango. A ƙasa mai zafi da laima, inda ake kunna na'urar sanyaya ɗaki, abin ya juye: laimar a waje take, sanyin a ciki. Wanda ya kwaikwayi tsarin ƙasar sanyi ya sa leda ta ciki, ko ya manna wa bango takardar ado ta roba, ya tanadar wa tururin wurin zama raɓa, a bayan ledar, inda ido ba ya kaiwa. An yi gudun gara an tadda zago. Alamar tana fitowa ne bayan watanni, da warin gumi a ɗaki da baƙaƙen ɗigo a kusurwa. Abin da ya fi wannan muni shi ne leda gaba da baya, domin duk ruwan da ya shiga ba shi da mafita. Kowane bango da kowane rufi a bar masa gefe ɗaya da zai bushe ta nan. Kuma yoyo ko danshin da ke hawowa daga ƙasa a gyara shi kafin a sa makari, ba bayan an sa ba.

Ƙarƙashin daɓe da jikin harsashin gini wurin XPS ne ko EPS mai nauyi, saboda suna ɗaukar nauyi suna jure ruwa. Sai dai gara tana haƙa hanya a cikinsu ta hau ba a gan ta ba, don haka inda take da yawa a bar tazarar dubawa tsakanin ƙasa da allon. A ƙasa mai zafi ma daɓen da ke kan ƙasa yakan taimaka wajen shanye zafin ɗaki, ba kullum ake son a kare shi ba.

Wuta da wayoyin lantarki

Audugar dutse ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000. Ita da audugar gilashi marar takarda a jiki suna ajin A1 a ma'aunin Turai, ajin abin da ba ya cin wuta. Duk dangin soso kuwa roba ne. EPS yana fara laushi kafin digiri 100, in wuta ta kama shi ya narke yana ɗiga. PIR gawayi yake yi a fuska, amma yana ci, hayaƙinsa kuma guba ne. Ba a barin soso a buɗe a cikin ɗaki, sai an rufe shi da allon jifsam mai kaurin milimita 12.5 ko da filasta. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta kashe mutum 72. Binciken hukuma ya gano cewa fale-falen alminiyam masu roba a tsakiya da aka lulluɓe ginin da su ne babban dalilin yaɗuwar wutar, makarin soson da ke bayansu kuma ya taimaka mata. A gini mai hawa da yawa, audugar dutse ce ta dace da bangon waje.

Wayar lantarki tana fitar da zafi, in aka binne ta a makari sai ta kasa huce shi. Ƙa'idar wayoyi ta Birtaniya ta rage ƙarfin wayar da makari ya kewaye tsawon rabin mita ko fiye zuwa rabi. A bi da wayoyi ta saman audugar, ko mai aikin lantarki ya ƙara musu kauri, musamman na murhun lantarki da na tukunyar ɗumama ruwa. Kada wayar da ke da rigar roba ta PVC ta taɓa farin soso, domin soson yana tsotse sinadarin da ke sa rigar laushi, a hankali ta bushe ta tsattsage. Fitilun da ke nutse cikin silin, in ba waɗanda aka ƙera don a rufe su ba ne, a ba su tazarar milimita 75 ta kowane gefe.

Sauran iri biyu sun cancanci a ambace su. Akwai na niƙaƙƙiyar takarda da aka gauraya da sinadarin boret don wuta da ƙwari, ana hura shi da inji. Yana shiga lungu da saƙo, amma wanda aka baza a saman silin yana kwantawa, har kusan kashi 20 na kaurinsa, sai a ƙara tun farko. Sai soson feshi, mai toshe iska da zafi a lokaci guda. Ingancinsa duk yana hannun mai fesawa: in haɗin sinadaran biyu ya kauce, soson ya tsuke ya rabu da katako, ko ya bar wari mai daɗewa. Yana kuma ɓoye yoyo da ruɓar katakon rufi, shi ya sa masu ba da bashin gida da yawa a Birtaniya suke ƙin gidan da aka fesa wa rufinsa. Ba aikin da mai gida zai yi da kansa ba ne.

Kafin a shimfiɗa komai, a toshe kafofi: inda bututu da waya suka huda silin, inda bango ya haɗu da silin, da kewayen ƙofar hawa sama, wadda ita ma a manna mata makari a bayanta. Auduga ba ta tare iska, tace ta kawai take yi, shi ya sa ake ganin baƙin tabo a jikin tsohuwar auduga daidai inda kafa take. Mai aikin ya sa takunkumi mai tace ƙura, tabarau, safar hannu da riga mai dogon hannu, ya taka katako kawai, ba allon silin ba. A tsohon gida, in aka tarar da wasu ƙwayoyi marasa nauyi masu ƙyalli, launin toka ko ruwan ƙasa, an baza a saman silin, kada a taɓa. Yana iya zama bamikulait, wani ma'adini da ake yin makari da shi, kuma wanda aka haƙo a Libby ta jihar Montana a Amurka har zuwa 1990 yana gauraye da asbestos, ma'adinin da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Gwaji ake fara yi.

Gidan da aka toshe aka kuma kare sai an tsara masa iska. Bayi da kicin su samu fanka mai fitar da tururi waje kai tsaye, ba cikin rufi ba. Inda ake ƙona gas, kananzir, itace ko gawayi a ciki, kafar shigar iska ba ta toshuwa ko kaɗan, kuma a rataya na'urar gargaɗin iskar kabon monoksaid, domin ba ta da wari ba ta da launi. A ƙasa mai zafi, gidan da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki yana buƙatar tagogi masu fuskantar juna da za a buɗe da dare, in ba haka ba makarin zai riƙe zafin da mutane da girki suka tara da rana. Sannan mai gida ya hau ya duba aikin da fitila da abin awo kafin a rufe silin ko a yi filasta: ya auna kaurin a wurare da dama, ya leƙa kusurwoyi, ya tabbatar an manne gaɓoɓin leda da tef, ya ɗauki hoton kowane bango. Bayan an rufe, sai da kyamarar auna zafi ake iya ganin giɓi, kuma ita ma sai bambancin zafin ciki da na waje ya kai wajen digiri 10 take nuna shi sarai.